Kyamara a kan hular kwano: shaida ce ko tsokanar faɗa?

Auwal Mai Babur: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so mu baje ta a nan tun da muna da direbobi da masu babur da masu keke mai ƙafa biyu duk a wuri ɗaya. Yanzu mutane da yawa suna liƙa 'yar ƙaramar kyamara a jikin hular kwano, duk inda mutum ya juya kai tana ɗauka. Ni ma ina da ita, kuma ba na tayar da babur sai na kunna ta. Dalilina ɗaya ne. Idan mota ta kaɗe mai babur, shi yana kwance a ƙasa ko a gadon asibiti, direba kuma yana tsaye da ƙafafunsa yana tsara labari yadda ya ga dama. Maganar farko da za ka ji ita ce "wallahi ban gan shi ba", ta biyu "gudu yake yi". Wanda ya karye ba shi da bakin musu. Kyamarar ce take yi masa magana. To amma na lura direbobi da yawa da sun hango ta sai ransu ya ɓaci, kamar an zage su. Tambayata: wannan abu yana rage rigima a kan titi ne, ko ƙara ta yake yi?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Auwal ɗana, ni na tsufa a bayan sitiyarin babbar mota, don haka bari in faɗa maka abin da yake ɓata mana rai. Ba kyamarar ba ce, halin da take sa wa mai ita ne. Yaro ya ratsa tsakanin tirela da bas, wurin da ko mutum a ƙafa zai yi tunani kafin ya shiga, sai direba ya ɗan karkato, shi ke nan ya tsaya yana dukan ƙofa yana nuna kansa yana cewa "na ɗauke ka". Da can idan aka yi irin wannan, a ɗaga hannu a ba da haƙuri kowa ya kama gabansa. Yanzu ba mai ba da haƙuri, domin kowa yana ganin idan ya ce "yi haƙuri" ya amsa laifi a gaban duniya.

Nura Keke: Baba Alhaji, da girmanka, amma haƙurin da kake magana a kai wa yake bayarwa? Kullum mai ƙaramin abin hawa ne ake cewa ya yi haƙuri. Mota ta wuce ni har madubinta ya shafi hannun rigata, iskarta ta kusa jefa ni cikin kwalbati, idan na yi magana a ce ai ba ta taɓa ni ba. Sai ta taɓa ni ɗin sannan za a yarda? Gani ya kori ji. Kafin kyamara babu wanda yake yarda da mu.

Sadiq: Gaskiya Nura. Ni duk wanda ya yi mini ganganci ɗora bidiyonsa nake yi a intanet, da fuskarsa da lambar motarsa. Kunya ce kaɗai take gyara wasu.

Barista Hadiza: Bari in shigo tun kafin maganar ta yi nisa, domin Auwal da Sadiq abu biyu daban suke yi ko da yake na'ura ɗaya suke ɗauke da ita. Ɗaya yana tara hujja, ɗaya yana yanke hukunci.

A Birtaniya aka fi tsara wannan al'amari. A 2016 'yan sandan arewacin Wales suka fara wani shiri mai suna Operation Snap, inda duk wanda ya ɗauki bidiyon tuƙin ganganci zai aika musu ta intanet, daga baya rundunoni da yawa na ƙasar suka bi sahu. Amma ku dubi sharuɗɗansu. Suna son bidiyon yadda aka ɗauke shi, ba a yanke ba, ba a sa kiɗa ko rubutu ba, kuma ya haɗa da abin da ya faru kafin lamarin da bayansa. Suna son ka rubuta bayani ka amince za ka je kotu idan an neme ka. Suna son ka aika da wuri, domin a ƙa'ida dole takardar sanarwar tuhuma ta isa ga mai motar cikin kwana 14. Kuma suna cewa kada ka ɗora shi a Facebook ko YouTube, idan ka riga ka ɗora ka sauke, saboda yana iya lalata shari'ar. Na ƙarshe, wanda mutane ba sa son ji: idan suka ga kai ma ka karya doka a cikin bidiyon naka, kai ma za a iya tuhumar ka.

Sadiq ƙanena, ka ga ke nan hanyar da take kai mai laifi gaban alƙali ita ce wadda kake rufewa da hannunka duk lokacin da ka ɗora.

Sadiq: Barista, wannan a inda hukuma take karɓa ne. Inda ba wanda zai saurare ka fa? In ajiye a memori ina kallo ni kaɗai?

Barista Hadiza: Ka ajiye. Ranar da aka ce kai ne ka biya gyaran motar da ita ta shigo hannunka, ko kamfanin inshora ya ce ba shi da tabbacin wanda ya jawo, ranar za ka san amfaninsa. Ko a Jamus, inda suke da tsanani sosai kan ɗaukar hoton mutane, babbar kotun tarayya ta yanke a watan Mayun 2018 cewa ana iya karɓar bidiyon kyamarar mota a matsayin hujja a shari'ar haɗari, duk da ta ce ɗaukar kowa da kowa ba tsayawa ba dalili ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane. Wato sun bambanta tsakanin kai wa kotu da watsa wa jama'a. Dokoki sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya binciki ta inda yake.

Injiniya Kabir: Ina da gyara a kan "gani ya kori ji" da Nura ya kawo. Gaskiya ne, amma abin da kyamara ta gani ba shi ne abin da ido ya gani ba, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Irin waɗannan kyamarori, GoPro da makamantanta, gilashinsu mai faɗin gani ne, an yi shi don ya kwaso wuri mai yawa. Sakamakon haka abin da yake gabanka yana bayyana da nisa fiye da yadda yake, abin da yake gefe kuma yana lanƙwashewa yana wucewa da sauri kamar ana gudun tsiya. Saboda haka bidiyo ɗaya yana iya cutar mai keke, a ce ai motar ta ba shi fili, yana kuma iya cutar mai babur, a ce dubi irin gudun da yake yi. Sannan tana saman kai, ta fi idon direban ƙaramar mota tsawo nesa ba kusa ba. Kai kana hango abin da yake bayan motar da aka ajiye a bakin hanya, shi da yake zaune ƙasa-ƙasa, ga ƙarfen da yake riƙe da gilashin gaba ya tare masa wani sashe, bai ga komai ba.

Abu na uku shi ne lokaci. Motar da take tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki ana cin daƙiƙa ɗaya ko fiye. Mu kuma muna zaune muna mayar da bidiyo baya, muna tsayar da shi, mun riga mun san abin da zai faru, sai mu ce "ai da ya tsaya a nan". Shi bai samu damar mayar da komai baya ba.

Auwal, wata shawara a gefe: kada ka huda hularka don ɗaura kyamara. An yi bayanta sumul ne domin idan ka faɗi ta zame a kan kwalta. Duk abin da ya turo waje yana iya kama ƙasa ya murɗa wuya. Yi amfani da mariƙin da ake mannawa, wanda zai ɓalle idan an bugu.

Auwal Mai Babur: Na gode Injiniya, na manne ne nake amfani da shi. Amma maganar "ban gan shi ba" ina so mu tsaya a kanta, domin ita ce take kashe mu. Tun 1981 aka fitar da wani babban bincike a Amurka, wanda ake kira rahoton Hurt, da aka bi diddigin haɗurran babur ɗaruruwa a yankin Los Angeles. Abin da aka gano shi ne, a haɗurran da suka haɗa babur da wani abin hawa, kusan kashi biyu cikin uku ɗaya abin hawan ne ya shiga wa babur hanya. Yawanci a mararraba ne, mota za ta yi kwana ta yanko gaban babur ɗin da yake tafiya a miƙe. Na yarda direban bai gan ni ba. Amma me ya sa bai gan ni ba? Domin idonsa mota yake nema. Ya waiga, bai ga mota ba, ƙwaƙwalwarsa ta ce hanya a buɗe take. Wannan ba uzuri ba ne, aikin da bai gama yi ba ne. Kuma kyamarata ta sha nuna mini fuskar mutum yana kallon saitina sosai, idonsa a buɗe, amma ya fito.

Alhaji Garba: A nan ban musa maka ba. Amma ku ma ku san babbar mota. Akwai wurare a jikinta da ko madubi nawa aka jera ba a ganin mutum: dab da ƙofar ɗaya gefen, da ƙasan hancinta, da bayanta. Idan za ta yi kwana sai ta fara buɗewa waje, bodin kuma ya yanko ciki. Mai keke ya ga fili ya buɗe sai ya cusa kai, bai san filin rufewa zai yi ba. Na ga abin da wannan yake yi wa ɗan Adam, ba na fatan kowa ya gani. Kyamara za ta nuna yadda aka yi, amma ba za ta dawo da ƙafa ba.

Injiniya Kabir: Shi ya sa a Landan suka bi ta kan motar kanta. Tun 2021 suke tilasta wata ƙa'ida da take auna yadda direban babbar mota yake iya gani kai tsaye ta tagoginsa, wadda ba ta kai ba sai an ƙara mata kyamarori da na'urar gargaɗi kafin ta shiga birnin. Ka ga a nan kyamara tana aiki kafin haɗari, ba bayansa ba.

Maman Ilham: Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wanda zai tuna da mu, shiru. Masu mota suna da kyamara a gilashi, masu babur da keke suna da ita a ka, mu masu tafiya a ƙasa fa? Ni da nake riƙe da hannun yara biyu ina son tsallaka titi, wa yake ɗaukar mini? Kuma ku yi haƙuri, ba mota ce ta fi ba ni tsoro ba. Mota ina jin ta, ina ganin ta, na san inda za ta bi. Babur ne yake ɓullowa ta tsakanin motocin da suka tsaya, lokacin da na riga na sa ƙafa. Keke kuma ko ƙara ba ya yi. Danja ta tsayar da kowa, mai keke ya ga kamar ba da shi ake ba. Cunkoso ya yi yawa, mai babur ya hau wurin da aka ware mana yana danna mana oda mu matsa. Nura, yadda kake ji idan madubin mota ya shafi rigarka, haka nake ji idan hannun kekenka ya shafi jakar ɗiyata. Laifi tudu ne.

Kuma Sadiq, ina cikin waɗanda kake ɗorawa ba ka sani ba. Duk bidiyon da ka watsa akwai mata da yara da tsofaffi a gefe da ba ruwansu, fuskokinsu a fili. Wa ya tambaye su?

Nura Keke: Maman Ilham, kin faɗi gaskiya kuma ba zan kare mai tsallake danja ba. Keke ma yana kisa. A Landan a 2016 wani matashi a kan keken da ba shi da birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu, aka ɗaure shi wata 18. Amma mu auna nauyin abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce idan gudun motar da ta bugi mutum ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwarsa yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Ni da ke layi ɗaya muke a wannan lissafin.

Maman Ilham: A lissafi layi ɗaya muke. A bakin titi kai ne a sama da ni.

Barista Hadiza: Abin da Maman Ilham ta faɗa shi ne ainihin abin da Birtaniya ta rubuta a ƙa'idojin hanyarta a watan Janairun 2022. Sun jera masu amfani da titi bisa ga wanda ya fi iya cutar da wani: mai babbar mota ya fi kowa ɗaukar nauyi, sai mai ƙaramar mota, sai mai babur, sai mai keke, kuma mai keken ma yana da nauyin mai tafiya a ƙasa a wuyansa. Suka ce direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a gudun da bai haura mil 30 a awa ba, ya ƙara idan gudun ya fi haka. Suka ce mai yin kwana a mararraba ya dakata wa wanda yake jiran tsallakawa. Ni a ganina wannan ne ya ba bidiyo ma'ana. In babu ma'aunin da aka yarda da shi, kowa zai kalli bidiyo ɗaya ya ga abin da ransa yake so.

Alhaji Garba: Mita ɗaya da rabi a wane titi, Barista? Akwai hanyar da idan na bar wannan filin na shiga hannun masu tahowa.

Nura Keke: To sai ka jira a bayana, Baba, har wuri ya samu. Abin da kake yi ke nan idan tarakta ce a gabanka.

Injiniya Kabir: Akwai wani bincike da ya dace da nan. Wani malamin jami'ar Bath a Ingila, Ian Walker, ya ɗaura na'urar auna tazara a kekensa a 2006, ya auna motoci sama da 2,000 da suka wuce shi. Ya gano idan yana sanye da hular kwano direbobi suna ƙara matso shi da kimanin santimita 8.5, idan kuma ya sa dogon gashi don a zaci mace ce suna ƙara ba shi fili. Wasu masana sun yi jayayya da shi kan girman bambancin, amma abin da ya ja hankalina shi ne direba yana yanke shawara ne bisa yadda ya ɗauki mutumin da yake gabansa, ba tare da ya san yana yi ba. Idan ya ɗauke ka ƙwararre sai ya matse ka. To idan ya ɗauke ka ɗan leƙen asiri mai neman kai shi ƙara fa?

Sadiq: Sai ya shiga taitayinsa. Akwai wani mai keke a Landan da ake kira Cycling Mikey, aikinsa ke nan, yana ɗaukar masu latsa waya a kan tuƙi yana kai wa 'yan sanda. Har manyan mutane ya jawo wa hukunci, ciki da wani fitaccen daraktan fina-finai da aka hana tuƙi wata shida a 2020. A can tarar riƙe waya fam 200 ce da makin laifi shida a kan lasisin tuƙi. Kuma yana ɗorawa a YouTube. Ku ce mini bai ceci rai ba.

Barista Hadiza: Mai yiwuwa ya ceta. Amma abin da ya jawo hukuncin kai wa 'yan sanda ne, ba ɗorawar ba. Ka kuma dubi Jeremy Vine, ma'aikacin BBC da ya yi shekaru yana ɗora bidiyon tafiyarsa a keke. A 2025 ya ce ya daina saboda zagi da cin mutuncin da yake sha. Masu kallo ba don gyaran tuƙi suke taruwa ba, kowa ƙungiyarsa yake zuwa karewa.

Auwal Mai Babur: Sadiq, ni ɗan uwanka ne a kan babur, saboda haka ka ji wannan daga bakina. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda kyamara take hana mutum janyewa. Ka tuna abin da ya faru a New York a watan Satumbar 2013. Ayarin masu babur suna tafiya a babbar hanya, ɗaya ya rage gudu a gaban wata Range Rover har ta taɓa shi, suka kewaye motar. Direban yana tare da matarsa da 'yarsu ƙarama, ya tsorata ya take totur ya bi ta kan wani, rabin jikin mutumin ya shanye. Suka bi shi, suka fasa gilashi, suka jawo shi waje suka yi masa dukan kawo wuƙa. Kyamarar hular ɗaya daga cikinsu ce ta ɗauki yawancin abin, kuma ta tsaya dab da fara dukan. Bidiyon ya zagaya duniya. A ƙarshe ba a tuhumi direban ba, masu babur ɗin aka gurfanar. Shekaru bayan haka duk inda direba ya ga babura sun taru wannan hoton ne a kansa, mu da ba mu ji ba ba mu gani ba muke biya.

Ni ƙa'idata ita ce: idan aka yi mini ganganci ina faɗin lambar motar da ƙarfi don ta shiga sauti, ko da hoton bai fito ba, sannan in wuce. Ba na bi, ba na ƙwanƙwasa gilashi, ba na nuna kyamarar. Mutumin da yake cikin ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da wani abu, ransa a ɓace, ba abokin musu ba ne ga wanda fatarsa ce bodinsa.

Sadiq: Yaya Auwal, na ji. Bin mutum ba na yi. Amma ɗorawa ba zan daina ba, domin na ga waɗanda suka gyara bayan sun ga kansu.

Maman Ilham: To ka rufe fuskokin waɗanda ba su yi maka komai ba. Manhajar da kake yanka bidiyo da ita tana iya yi. Kuma ranar da ka ɗauki ɗan uwanka mai babur ya hau inda muke tafiya, ko ya yi aron hannu ya nufo masu tsallakawa, shi ma ka ɗora, da lambarsa.

Alhaji Garba: Ku ƙara da wannan. Idan za ku ɗora, ku fara daga minti biyu kafin abin ya faru, a ga ta inda kuka ɓullo da irin gudun da kuke yi. Wanda ya yi haka ni da kaina zan tsaya masa shaida ko direban ɗan uwana ne.

Nura Keke: Nawa a shirye yake, Baba, daga tashi har sauka. Barista, tambaya ɗaya: kyamarata tana goge tsohon ɗauka da kanta idan memori ya cika. Idan abu ya faru me ya kamata in fara yi?

Barista Hadiza: Kashe ta nan take ka cire memorin, kada sabon ɗauka ya hau kan wanda kake buƙata. Ka kwafe shi a wuri biyu ba tare da ka taɓa komai ba, ka bar na asalin yadda yake. Ka rubuta rana da lokaci da wurin tun kana tunawa, ka karɓi lambar wayar duk wanda ya gani da idonsa, domin alƙali zai so ya ji daga bakin mutum ko da bidiyo yana gabansa. Kuma tun yau ka duba agogon kyamarar ya yi daidai. Na ga hujja mai kyau ta yi rauni saboda kwanan watan da yake jikinta ya nuna wata shekara daban.